Ƙuruna ya ƙi tashi da ƙafar dama a ƙaramar sukuwa

Nasiru:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani ƙuru mai shekara 4 da haihuwa da nake horarwa domin ƙanwata, tsayinsa santimita 137 daga ƙasa zuwa doron kafaɗa. Ya karɓi sirdi da linzami ba tare da gardama ba, tafiyarsa da sassarfarsa sun daidaita gwargwado, amma da muka zo kan ƙaramar sukuwa, wato gudun da ke tsakanin sassarfa da cikakkiyar sukuwa, sai matsala ta bayyana. Idan muna zagaya fili ta hannun hagu, yana tashi da ƙafar hagu kamar yadda ake so. Idan muka juya ta hannun dama kuwa, sai ya sake tashi da hagun nan dai, ya karkata kansa waje, ya riƙa faɗowa cikin da'ira da kafaɗarsa, har nakan ji kamar zai yi tuntuɓe a kan kwana. Wani lokaci ma ba ya tashi sam, sai dai ya ƙara saurin sassarfa yana ta gudu da ni. Ina so in san ko taurin kai ne, ko rashin fahimta, ko kuwa akwai abin da ke damunsa a jiki, domin ba na son in miƙa shi ga yarinya da wannan hali.

Malam Haruna:
Wa alaikumus salam, Nasiru. Ka cire taurin kai daga lissafinka tukuna, domin dokin da ya karɓi sirdi da linzami cikin ladabi ba zai ware wannan wuri guda ya yi maka gardama babu dalili ba. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, ƙafar gaban nan da muke gani tana miƙewa fiye da 'yar'uwarta, wadda muke cewa da ita ya tashi, ita ce ta ƙarshe a jerin takun. Ƙaramar sukuwa taku uku gare ta. Idan doki zai tashi da dama, ƙafar baya ta hagu ce take fara dira ƙasa ita kaɗai, ta ɗauki nauyinsa da na mahayinsa baki ɗaya, sai ƙafar baya ta dama da ta gaba ta hagu su dira tare, sai ƙafar gaba ta dama ta dira, sannan a sami ɗan taƙin da ƙafafun huɗu duk suke sama kafin jerin ya koma farko. Ke nan wanda yake son gyara ƙafar gaba ta dama, ƙafar baya ta hagu zai fara nema, domin a can ake yanke hukunci tun kafin idon mahayi ya ga komai a gaba.

Kusan kowane doki yana da ɓangaren da ya fi masa daɗi, kamar yadda wani yake aiki da dama wani kuma bahago ne. Bayan haka, doki ko a tsaye yake yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, wanda bai gama koyon ɗaukar mahayi ba kuwa ya fi kowa dogara da su. Naka, bisa yadda ka siffanta shi, yana jingina da kafaɗar dama idan kun juya dama, kuma kafaɗar da aka danne da nauyi ba ta samun damar ɗagawa ta ja gaba, don haka sai ya zaɓi wadda take sake. Ka gaya mana abu biyu: idan ka sake shi a fili babu sirdi babu mahayi, da wace ƙafa yake tashi, kuma idan ka zagaya da shi da doguwar igiya ta hannun dama, me yake yi?

Dakta Rabi:
Ina goyon bayan tambayar Malam, kuma ina roƙon kada a ci gaba da matsa masa sai an duba jikinsa. Shekara 4 lokaci ne da bakin doki yake cikin sauyi. Haƙoran gaba na nono suna faɗuwa daki-daki, na tsakiya a wajen shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe a shekara 4 da rabi. Turamen nono ma suna barin wurinsu tsakanin shekara 2 da rabi zuwa 4, kuma wani lokaci ɓawon tsohon yakan maƙale a kan sabon ya riƙa sukar dasashi ko kumatu. Akwai kuma wasu ƙananan haƙora da kan fito wa dawaki da yawa dab da turmin farko na sama, kusa da inda ƙarfen linzami yake zama, ga kaifin da ke tasowa a gefen waje na turamen sama saboda muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi. Dokin da linzami yake matse masa kumatu a kan kaifi a ɓangare guda zai kawar da kansa daga wannan ɓangaren, kuma da zarar kai ya koma waje, kafaɗar ciki ta faɗa.

Sai sirdi. Bayan ƙuru gajere ne, kuma jikin mai shekara 4 yana sauya siffa cikin 'yan watanni, saboda haka sirdin da ya zauna daidai ranar da aka fara ɗora shi zai iya matse kafaɗa yanzu. Doki haƙarƙari 18 gare shi a kowane gefe, kuma bai kamata nauyin sirdi ya wuce na ƙarshe ba. Ka nemo shi a kwiɓi, ka bi shi da yatsa zuwa sama ka ga inda ya haɗu da gadon baya. Abu na uku shi ne gwiwar baya ta sama, wadda take kusa da kwiɓi. A cikin ƙananan dawakin da ba su yi ƙarfi ba, musamman masu miƙaƙƙun ƙafafun baya, ƙoƙon wannan gwiwa yakan sarƙe na ɗan lokaci, sai ka ga ƙafar ta ɗan tsaya a baya kafin ta saki, ko bakin kofato yana jan ƙasa. Wanda yake da wannan zai guje wa duk tashin da ke ɗora wa wannan ƙafa aiki.

Nasiru:
Na gode, Malam, na gode, Dakta. Idan yana sake a fili yana tashi da kowace ƙafa, ko da yake hagun ta fi yawa. A doguwar igiya ta hannun dama yakan tashi da dama daidai, amma bayan 'yan taku sai ƙafafun baya su koma jerin hagu alhali na gaba suna nan a dama, tafiyar ta rikice, kuturinsa yana murɗawa, har sai ya koma sassarfa da kansa. Ban ga yana jan kofato ba. Zan kira likita ya duba baki da baya a wannan mako in Allah ya yarda.

Bala:
Ni dai da izinin manya, ina ganin ana tsawaita abin da bai kai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk ranar da aka bar doki ya yi zagaye da ƙafar da ba daidai ba, an ƙara koya masa ita ne. Yadda na ga ana yi kuma yana aiki shi ne a shigar da shi ƙaramar da'ira ta hannun dama yadda ba shi da zaɓi, a ja kansa waje da linzamin hagu, sannan a ba shi ƙaimi da ƙafar hagu da ƙarfi. Idan kai ya koma waje kafaɗar dama tana buɗewa, dole ya jefa ta gaba. Tunda yana iya tashi da dama da kansa a fili, ai ba ciwo ba ne, rashin sabo ne kawai.

Dakta Rabi:
Malam Bala, tashin da yake yi da dama idan yana sake alama ce mai kyau, amma ba ta kore ciwo. Ƙaramin ciwon baya, ko na ƙugu, ko na baki, sau da yawa ba ya bayyana sai an ɗora nauyi ko an sa linzami ko an shiga da'ira, kuma sauya jerin ƙafafun baya da Nasiru ya ambata yana daga cikin abubuwan da muke tambaya tun farko idan aka kawo mana doki. Zai iya zama rashin ƙarfi ne kawai irin na ƙuruciya, kuma hakan ya fi yawa a wannan shekarun, amma dubawa ce take raba tsakaninsu.

Hajiya Asabe:
Malam Bala, a cikin maganarka akwai ɓangaren da na yarda da shi, akwai kuma wanda ba zan so a yi wa dokin yara ba. Gaskiya ne cewa ɗan karkata hancin doki waje yakan sauke nauyi daga kafaɗar ciki, kuma masu horo da yawa suna amfani da wannan na ɗan lokaci. Amma da yatsu ake yin sa, gwargwadon yadda mahayi zai hango gefen idon waje, ba a jan wuya gaba ɗaya, kuma ana barinsa da zarar doki ya gane. Idan ya zama ɗabi'a, za ka sami ƙurun da yake tashi da ƙafar daidai amma jikinsa a murɗe, yana kallon waje yana faɗowa ciki, wanda shi ne ainihin abin da Nasiru ya kawo mana kuka a kai.

Ƙaramar da'ira kuwa ba na goyon bayanta ko kaɗan. Ƙuru, wato wanda tsayinsa bai wuce santimita 148 ba a ma'aunin hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, yana iya juyawa a ɗan ƙaramin wuri, shi ya sa mutane suke zaton matsatsiyar da'ira ba ta ba shi wahala. To ga shi an gaya mana cewa ko babu mahayi ƙafafun bayansa suna sauyawa a igiya, ke nan ba shi da ƙarfin riƙe jerin dama a kan lanƙwasa tukuna, kuma matse da'ira ƙara masa abin da ya riga ya gagare shi ne. Ƙaimi da ƙarfi kuma gudu yake haifarwa, dokin da ya shiga sukuwa daga gudun sassarfa kuwa faɗawa yake yi a kan duk ƙafar da ta fi masa kusa. A tuna kuma hannun yarinya za shi, wadda ƙafarta ba ta da ƙarfin ta babba, don haka da alama mai sauƙi ya kamata ya saba tun yanzu.

Nasiru, ni mahayin nake so in duba. Yawancin waɗanda nake koyarwa, idan suka matsu su sami ƙafar dama, abu uku suke yi a tare ba su sani ba: su sunkuya gaba, su leƙa kafaɗar dama su ga ko ta fito, su kuma jawo linzamin dama zuwa cikinsu. Duk ukun danne kafaɗar da ake so ta ɗaga suke yi. Ka daina tashi da zama na sassarfa taku biyu ko uku kafin ka nema, ka zauna cikin sirdi ƙirjinka a miƙe, idonka a kan inda za ka. Ƙafarka ta dama ta tsaya a kan majayi, ita ce take hana shi faɗowa ciki. Ta hagu kuma ka zame ta bayan majayi da faɗin tafin hannu, daga ƙugu za ka zame ta, kada ka ɗaga diddige sama. Linzamin hagu shi ne yake riƙe da sauri da kafaɗar waje, na dama roƙo kawai yake yi har ka hango gefen idonsa na dama, kuma a daidai lokacin tashi ka miƙa hannun daman gaba kaɗan domin kafaɗar ta sami hanya. Idan ka zauna daidai za ka ji ƙugunka na dama ya ɗan riga na hagu gaba, kuma nauyinka ya sauka ta likkafar dama ba tare da kafaɗarka ta karkata ba.

Sadiya:
Hajiya, wannan bayani ya amfane ni ni ma, Allah ya saka da alheri. Ina so in ƙara wa Yaya Nasiru shawara guda: ya sa wani ya ɗauke shi bidiyo da waya daga gaba da kuma daga baya, sannan ya rage saurin hoton ya kalla. Ido ba ya iya bin ƙafafun doki a guje, har sai a 1878 da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gefen filin tsere a Kalifoniya aka ga jerin takun sukuwa ƙarara a hoto, abin da yanzu waya take yi wa kowa. A bidiyo mutum zai ga ko sirdi yana zamewa gefe guda, ko shi kansa yana karya ƙugu. Tambayata kuma ga manya ita ce, idan ya tashi da ƙafar da ba ita ba, a dawo da shi sassarfa nan take, ko a bar shi ya ɗan ci gaba?

Malam Haruna:
A wurina a dawo da shi nan take, amma cikin natsuwa, babu fizgar baki babu tsawa, domin bai san ya yi kuskure ba, an ce ya tashi kuma ya tashi. Wurin da mutane suke ɓata aikin shi ne abin da ke biyo baya. Doki ya dawo sassarfa a birkice, wuya a sama, taku a gaggauce, sai mahayi ya sake nema a cikin wannan birkicewar, ya sake samun hagu, a yi ta maimaitawa har ran kowa ya ɓaci. Ka ɗauki zagaye guda ko biyu, ko fiye idan ya kama, har sassarfar ta lafa ka ji bayansa ya saki, sannan ka nema. Kyawun tashi daga kyawun sassarfar da ta gabace shi yake fitowa, kuma idan ya fara gudu da kai maimakon tashi, kada ka bi shi da dunduniya, ka rage saurin ka sake shiri.

Sannan akwai maganar lokaci, wadda ba sabuwa ba ce. Zenofon, sojan nan na Girka da ya yi rubutu a kan hawan doki fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya riga ya lura cewa ƙafar da doki zai tashi da ita ta danganta da takun da yake kai lokacin da aka ba shi alama. Dalilin kuwa a fili yake: ƙafar da take ƙasa ɗauke da nauyi ba ta iya amsa umarni, sai wadda take shirin barin ƙasa. A sassarfa ƙafafu bibbiyu suke tafiya a gicciye, ta baya ta hagu tare da ta gaba ta dama, saboda haka lokacin da kafaɗar dama ta fara tafiya gaba, a lokacin ne ƙafar baya ta hagu take barin ƙasa, kuma a lokacin ne alamarka take da amfani. Ba na cewa ka leƙa, Hajiya ta riga ta hana. Ka koyi jin motsin a cinyarka, ka riƙa furta "yanzu, yanzu" da bakinka, wani yana tsaye a ƙasa yana tabbatar maka ko ka dace. Takun ƙuru gajere ne kuma mai sauri, taƙin da kake da shi kaɗan ne, wanda wani dalili ne na rage saurin sassarfar kafin a nema.

Hajiya Asabe:
Malam, a maganar lokaci ba ni da abin ƙarawa, amma a kan dawo da shi nan take na ɗan saɓa maka, saboda wannan dokin musamman. Nasiru ya ce wani lokaci ba ya tashi sam, ke nan shi kansa tashin bai zauna masa ba tukuna. Doki yana danganta tsayarwa ko sassauci da abin da ya yi a daƙiƙar da ta gabata, kuma idan duk lokacin da ya amsa ƙafar mahayi ya tashi sai a tare shi a taku na farko, abin da zai fahimta shi ne tashin ne ba a so. Na ga ƙurun da aka yi wa haka har ya daina amsa alamar gaba ɗaya, gyaransa kuwa ya fi gyaran ƙafa wuya. Ni zan bar shi ya yi taku huɗu ko biyar, in sauko da shi da murya da zama, in sake shiri. Ranar da tashin ya zama tabbas, sai a koma ga hukuncinka.

Malam Haruna:
Na karɓi wannan, Hajiya, da sharaɗi guda, kada a shiga kwana da shi a kan ƙafar waje, domin a nan ne zai rasa daidaito ya tsorata, ko ya sauya baya ya bar gaba. A miƙe kawai za a bar masa waɗannan takun.

Nasiru, ga abin da za ka yi idan likita ya sallame shi. Ka ɗauki da'ira mai faɗin mita 20 ta hannun dama a sassarfa, ka rage ta a hankali zuwa mita 15, sannan ka tura shi waje da ƙafarka ta dama yana ci gaba yana gusawa gefe har ya koma kan babbar da'irar. Wannan gusawar ita ce maganin, domin tana ɗauke nauyi daga kafaɗar dama ta mayar da shi kan ƙafafun hagu, kuma tana cika maka linzamin hagu a hannu. A takun da ya isa babbar da'irar, a nan za ka nema. Idan filinka irin mai mita 20 da 40 ne, ka nema yayin shiga kwanar gajeren gefe, inda shinge yake tare masa kafaɗar waje. Idan duk wannan bai yi ba, ka kwantar da sanda mai kauri a ƙasa a kan lanƙwasar kwanar, ka zo mata a sassarfa mai natsuwa, ka ba da alama daidai lokacin da yake ɗaga gaba zai tsallake ta, idonka yana kallon dama inda za ku. Ɗan tsallen yana katse jerin sassarfa, kuma dawaki da yawa suna dira da ƙafar ɓangaren da suke juyawa.

Idan ya ba ka dama, ka sanar da shi nan take da murya da sassaucin hannu, ka bar shi ya yi taku 8 zuwa 10, sannan kai ka sauko da shi kafin shi ya gaji ya sauko da kansa ko ya sauya baya. Ka sakar masa linzami ya yi tafiya ya huta. Tashi biyu ko uku masu kyau sun wadatar a zama guda.

Bala:
Har yanzu ina kan ra'ayina cewa ɗan karkata kai waje ya fi sanda saurin ba da sakamako. Amma tunda an ce ƙarfinsa ne bai kai ba, to a fitar da shi daga cikin shinge mana. Ko da'irar mita 20 ɗin ma ba ƙaramin aiki ba ce ga mai shekara 4. A sami buɗaɗɗen wuri mai ƙasa mai kyau, a sa natsattsen doki a gaba ya ɗauki doguwar lanƙwasa ta dama, ƙurun yana biye, za ku ga ya tashi daidai ba tare da an yi faɗa ba. Dawakin tsere a Amurka ta hannun hagu suke zagaya fili, suna shiga kwana da ƙafar hagu, su sauya zuwa dama idan sun miƙe domin ɓangaren da ya gaji ya huta, kuma faɗin fili da ci gaba ne suke sauƙaƙa musu wannan.

Dakta Rabi:
Wannan shawara ta Malam Bala ta fita waje ina tare da ita ɗari bisa ɗari, domin ta dace da yadda jikinsa yake girma. Ƙasusuwan doki daga ƙasa suke fara ƙosawa su yi sama. Na kusa da kofato suna rufe girmansu tun yana ɗan watanni, na gwiwar gaba a wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, amma na gadon baya da gindin wuya su ne na ƙarshe, sai wajen shekara 5 zuwa 6, kuma ƙanƙantar ƙuru ba ta sa ya riga manyan dawaki ƙosawa da wani abin kirki ba. Saboda haka a rage zagayen igiya, kada ya wuce minti 10 zuwa 15, a babbar da'ira, a raba shi daidai tsakanin hannayen biyu. Abin da zai gina masa ƙafafun baya shi ne hawa gangare a tafiya, tsallake sanduna a tafiya da sassarfa, ja da baya taku uku ko huɗu a miƙe, da yawan sauyi tsakanin tafiya da sassarfa. A kuma auna nauyi: abin da aka saba shawarta shi ne mahayi da sirdinsa kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, ga wanda bai gama girma ba kuwa ƙasa da haka ya fi. A ƙaramar sukuwa doki numfashi guda yake yi a kowane jerin taku, don haka ka saurara. Idan ka ji ya riƙe numfashi ko ya fita daga wannan tsari, a ɗaure yake ko ya gaji. Idan bayan mako 6 zuwa 8 na irin wannan aiki har yanzu yana sauya baya, ko ya fara harbi da kaɗa wutsiya da kwantar da kunne lokacin tashi, ko ƙafafun bayansa biyu suna dira kusan a tare, a sake kiran likita ya duba ƙugu da gwiwoyin baya da kyau.

Nasiru:
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Likita ya sami ɓawon turmin nono da ya maƙale a sama ta dama, da ƙaramin haƙorin nan da Dakta ta ambata, ya cire su, ya goge kaifin, aka hutar da bakin daga linzami har ya warke. Bidiyon da Sadiya ta ce a ɗauka ya nuna sirdin yana zamewa dama, an kuma gyara cikinsa. Yanzu yana tashi da dama a kan sanda a mafi yawan lokuta, yana riƙe ta kusan rabin da'ira ba tare da ya sauya baya ba, amma idan na ɗauke sandar yakan koma hagu. Yaya zan raba shi da sandar, kuma yaushe ya dace ƙanwata ta fara sukuwa a kansa?

Hajiya Asabe:
Wa alaikumus salam. Madalla, wannan ci gaba ne na gaske. Komawarsa hagu idan babu sanda yana nuna cewa sandar yake karantawa, bai haɗa tashin da ƙafarka ba tukuna, don haka aikin yanzu shi ne mayar da ma'anar daga sanda zuwa alama. Ka fara da sauya mata wuri, yau a wannan kwana gobe a waccan, wata rana a tsakiyar da'ira, domin kada ya haddace wuri guda. Daga nan ka riƙa ba da alama taku ɗaya kafin sandar, sannan taku biyu, har ya zama ya riga ya tashi kafin ya iso ta. Idan wannan ya zauna, ka sa siririyar sanda a madadin mai kaurin, daga baya ka ja layi a ƙasa kawai a wurin. Duk tsawon wannan lokaci ka riƙe kalma guda ko sauti guda da kake furtawa tare da alamar, a igiya da a kan sirdi, kuma kada ka bar gusawar waje da Malam ya koya maka, domin ita ce za ta maye gurbin sandar. Idan ya rikice a wani mataki, ka koma wanda ya gabace shi na 'yan kwanaki.

Maganar ƙanwarka kuwa, ta ci gaba da tafiya da sassarfa a kansa, amma sukuwa ta jira sai ya cika sharaɗi biyu: yana tashi da dama da alama mai sauƙi a kowace kwana babu sanda, kuma yana kammala da'irar mita 20 ba tare da ya sauya baya ko ya ƙara gudu ba. Idan lokacin ya yi, ka fara hawansa kai da kanka na ɗan lokaci a ranar, sannan ka ɗora ta kana riƙe da doguwar igiya, da hular kariya a kanta da madauri a wuyan dokin wanda za ta kama, domin hannun yaro idan ya ji tashi linzami yake fara ja, kuma na ciki ya fi ja. Ku fara da hannun hagu inda ya fi natsuwa. A kwanakin farko kai ne za ka ba da alamar da muryarka daga tsakiya, ita aikinta ta zauna ta kalli gaba ta ji jerin takun, sai daga baya ka koya mata zame ƙafar waje tare da kalmarka.